Dole sai na yi suna a dandamali kafin in zama malamar rawa?

Tambayar da aka turo min a taƙaice: yarinya ce 'yar shekara 24, ta daɗe tana koyon rawa da waƙa, ta ɗan taɓa wasan kwaikwayo irin mai haɗa waƙa da rawa, amma bata taɓa shiga wani babban kamfanin rawa ba. Koyarwa take so, sai dai duk sanda ta karanta tarihin malaman makarantun fannin sai taga wannan ya yi wasa a Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasa ta New York, waccan ta yi shekara goma a kamfanin bale, rawar Turawan nan da mata ke tsayawa kan tsinin yatsu, sai gabanta ya faɗi. Shine take tambaya wai daga ina malaman nan suke fitowa, kuma dole ne sai an bi ta dandamali?

Toh ƙanwata, a'a, ba dole bane. Amma bari in miki bayani da kyau dan kar ki ɗauka lallashinki nake, na fi shekara ashirin ina koyar da rawa kuma rabin shekarun nan ni nake zama a ɗauki sabbin malamai, takardun tarihin aiki kam na karanta har sun ishe ni. Abun da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton malami talla ne, iyaye ake ma kwalliya. Ba ƙarya bane, amma ba shine zai gaya miki ko mutum ya iya koyarwa ba. Iya rawa sana'a ce, koyar da rawa wata sana'ar ce daban, sun haɗa uwa ne kawai basu haɗa uba ba.

Gaskiya ne kaso mai yawa na malaman tsofaffin 'yan rawa ne, kuma dalilin ba wani ɓoyayye bane: jiki baya jira. Ɗan rawa na barin dandamali a shekarun da likita ko lauya yake fara jin daɗin aikinsa, da yawa tun suna talatin da wani abu, kamfanin bale na gidan opera na Faris ma shekara 42 ne ake ritaya. Mutum ya tashi da ƙarfinsa, bai san wani aiki ba tun yana ɗan shekara takwas sai wannan, to ina zashi? Shi yasa har ƙungiyoyi aka kafa dan wannan matsalar kaɗai, a Ingila akwai Dancers' Career Development tun 1973, a Amurka aka kafa Career Transition for Dancers a 1985, aikinsu su taimaka ma ɗan rawa ya samu abun yi bayan ya sauka. Wasu su koma gashin ƙashi da motsa jiki, wasu harkar gudanarwa, wasu su bar fagen kwata-kwata, da yawa kuma su faɗo aji. Wasu dan suna so, wasu kuma wallahi dan ba yadda zasu yi ne, kuma yara na gane bambancin tun satin farko.

Ni ma ta nan na biyo, kuma ajina na farko abun kunya ne. Na shiga da jin kai, na nuna juyi sau ɗaya nace ku yi, suka kasa, na sake nunawa, suka sake kasawa, na ƙara nunawa da ƙarfi kamar laifin idonsu ne. Wata yarinya ta ɗaga hannu tace malama a wace ƙafa nauyin yake kafin a juya? Nayi tsuru-tsuru, ban sani ba. Jikina ya sani, ni ban sani ba. Abun da na shekara goma sha biyar ina yi kullum amma sai da na koma gefe na yi shi a hankali sau uku kafin na iya bata amsa. Wannan itace cutar masu baiwa, abun da ya zo maka a sauƙaƙe baka taɓa warware shi ka ga cikinsa ba, to taya zaka ɗinka ma wani?

Shi yasa in kika duba manyan malaman da tarihi ya riƙe, zaki ga ba lallai sune taurarin zamaninsu ba. Agrippina Vaganova a Rasha ta yi shekaru tana bale a gidan wasa na Mariinsky, ana yabonta amma matsayin babbar 'yar rawa bai zo mata ba sai 1915, shekara ɗaya kacal kafin ta sauka a 1916. Abun da ta yi shine ta zauna ta tsefe abun da ta koya a hannun malaman Faransa da na Italiya, ta tsara shi mataki-mataki, wane motsi ne ya kamata ya riga wane, a wace shekara, ta fitar da littafinta a 1934, yau makarantar da ta koyar a cikinta sunanta take amsawa kuma tsarinta ya zaga duniya. A wannan makarantar dai akwai Alexander Pushkin, ba marubucin ba, wani malami ne mai sanyin magana wanda sunansa a dandamali bai kai ko'ina ba, amma daga ajinsa Rudolf Nureyev ya fito, daga ajinsa Mikhail Baryshnikov ya fito, dukansu manyan taurarin bale na duniya. Ba ina cewa tauraro baya iya koyarwa bane, Enrico Cecchetti ɗan Italiya gwani ne a dandamali kuma gwani a aji, shahararriyar 'yar balen Rasha Anna Pavlova ma ɗalibarsa ce. Amma shi ma ba rawarsa ce ta sa ake tunashi ba, tsarin darussan da ya shimfiɗa ne, wanda ɗalibansa suka rubuta suka kafa masa ƙungiya a Landan a 1922.

Akwai kuma waɗanda rauni ne ya maida su malamai, kuma ni dai a ganina cikinsu ake samun masu ido sosai. Misalin da kowa a fannin jaz, wani salon rawa na Amurka, ya sani shine Luigi, Ba'amurke ne, ya yi mummunan hatsarin mota a 1946 yana matashi, ɓarin jikinsa ya shanye. Motsa jikin da ya ƙirƙira dan ya koya ma kansa tsayuwa da daidaituwa ba tare da ya dafa komai ba, shine ya zama tsarin ɗumama jiki da dubban 'yan rawa suka koya a hannunsa daga baya. Wanda ya taɓa rasa motsi ya sake nemo shi gaɓa-gaɓa ya san hanya, ya san inda ake ɓata.

To hanya ta biyu, wadda inaga ta fi dacewa da ke, itace ta satifiket. Akwai hukumomi da aikinsu kenan, tsara manhaja da jarrabawa da horar da malamai. Manyan da suka fi yaɗuwa na Ingila ne, ƙungiyar malaman rawa ta ISTD da aka kafa a 1904 da Royal Academy of Dance a 1920, kuma ɗalibansu da malamansu na ƙasashe da yawa ba Ingila kaɗai ba. Anan ba'a tambayarki wane dandamali kika taka, ana so ne ki kai wani mataki a rawar kanta, sannan a koya miki sassan jiki da yadda tsoka da gaɓa ke aiki, girman yaro da abun da ƙashinsa zai iya ɗauka a kowace shekara, kiɗa da ƙirga, tsara darasi, sai a sa ki koyar a gaban mai duba ki. Wasu tsofaffin 'yan rawa na raina wannan hanyar, suna cewa malaman manhaja ne, sun haddace littafi basu san zafin fitila ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, na taɓa ganin malama da in ka ɗauke mata manhajar to ajin ya mutu. Amma in aka bani yara 'yan shekara shida guda ashirin akace in zaɓa tsakanin tauraruwa da bata taɓa karanta komai kan jikin yaro ba da mai satifiket da bata taɓa barin garinsu ba, ko tunani bazan yi ba, mai satifiket zan ba. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, eh, amma ɗanyen ne kuma yake saurin tsagewa in mai tanƙwarawar bai san iyaka ba. Malamin da zai ɗora yarinya 'yar shekara takwas kan takalmin tsinin yatsu dan iyaye su yi tafi, alhali yawanci sai wajen sha ɗaya sha biyu ake fara duba ko ƙafa ta yi ƙwari, wannan illa yake shukawa da zata fito bayan shekaru.

Doka kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ki bincika ta inda kike. Faransa na cikin waɗanda suka fi tsanani, tun dokar 1989 ba'a koyar da bale ko jaz ko rawar zamani a karɓi kuɗi sai da difilomar gwamnati, kuma ko 'yan rawar manyan kamfanoni da ake sauƙaƙa ma hanya sai sun yi horon koyarwa tukuna. A Amurka da Ingila kuwa kusan kowa na iya kama ɗaki ya sa madubi ya buɗe makarantar rawa mai zaman kanta, ba wanda zai tambaye shi takarda, sai in makarantar gwamnati zai koyar shine ake neman shaidar malanta kamar ta kowane malami. Abun da kusan ko'ina ake nema in za'a bar miki yara shine binciken ko kina da tarihin laifi, da inshora, da sanin taimakon gaggawa.

Jami'a kuma duniyarta daban. Kinsan wadda ta fara kafa digirin rawa a Amurka ba 'yar rawa bace? Margaret H'Doubler sunanta, ilimin halittu ta karanta, tana koyar da motsa jiki da ƙwallon kwando a jami'ar Wisconsin, aka turata ta je ta nemo irin rawar da ta dace a koyar a jami'a, ta dawo da tunanin cewa a fara daga jiki ba daga kwaikwayon malami ba, har ƙwarangwal take ajiyewa a aji, a 1926 aka amince da fannin a matsayin digiri. Har yau zaki ga wannan jijiyar a jami'o'i, malamai da suka fito daga nazarin jiki, tarihi, nazarin al'adu, rubuta rawa da alamomi irin tsarin da Rudolf Laban ya fitar a 1928. A Amurka in kina son kujera ta dindindin yawanci sai da digiri na biyu da suke kira MFA, masu nazari zalla kuma digirin digirgir. Amma kar sunan jami'a ya ruɗe ki, da yawan waɗanda kike ganin hotonsu malaman wucin gadi ne, kwas ɗaya ko biyu ake biyansu, zango ya ƙare kwantiragi ya ƙare, ba tabbas za'a sake kira. Mutum na iya zama da dogon tarihi a Broadway kuma yana zarya tsakanin makarantu uku a rana ɗaya.

Yanzu bari in zo kan wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa tunda nan hankalinki ya fi karkata, kuma nan ne abun ya fi cakuɗewa. Ɗalibin wannan fannin abu uku ake nema a jikinsa lokaci ɗaya, ya rera, ya taka, ya yi wasa, to malamansa ma daga gidaje uku suke fitowa kuma ba kullum suke jituwa ba. Malamin murya sau da yawa daga waƙar opera ko makarantar kiɗa ya taso, shekaru da dama ma wasunsu kallon lalata maƙogwaro suke ma irin ɗaga muryar nan mai ƙarfi da ake yi a dandamalin zamani, sai da mutane irin su Jo Estill, mawaƙiya da ta koma binciken yadda maƙogwaro ke aiki, suka nuna ana iya koyar da shi ba tare da an ji ciwo ba. Malamin wasa daga makarantar wasan kwaikwayo yake, zuriyar Stanislavski, shahararren malamin wasan kwaikwayo na Rasha, ko wani reshe nata, shi tambayarsa kullum me wannan mutumin yake so a wannan wurin. Malamin rawa kuma jaz da rawar buga ƙafa da bale. Sai na huɗu da ba'a cika sa hotonsa a gaba ba, mai fiyano, daraktan kiɗa, wanda shine yake zaune da ɗalibi awa da awanni yana gyara masa numfashi da inda zai yanke jimla. Rikicin da muke yi kullum shine malamin rawa yace a ɗaure ciki, malamin murya yace a saki ciki, ɗalibi ya tsaya a tsakiya kamar an raba gado. Malamin da ya san yaren ɓangarorin nan duka, ko da bai ƙware a kowanne ba, to shi ake rububi, kuma ke da kika taɓa ukun kina da abun da mai bale zalla bashi da shi.

Kuma in zan gaya miki sirrin masu ɗaukar aiki, in naga takardar wanda ya yi manyan wasanni ba sunan wasan nake dubawa ba, matsayin da ya riƙe nake dubawa. In naga ya yi kyaftin ɗin rawa, ko yana cikin 'yan ko-ta-kwana da ke haddace gurbin mutum biyar ko takwas dan su shiga duk ranar da wani bai da lafiya, nan take nake gyara zama. A Broadway da takwararta West End ta Landan wasa takwas ake yi a sati, wata da watanni, kuma kyaftin ne ke tsare rawar kar ta zame bayan mai tsarawa ya tafi, shi ke koya ma sabon shiga gurbinsa cikin 'yan kwanaki, shi ke zuwa ya gaya ma wanda ya girme shi cewa hannunka ya sauka, ba tare da an yi faɗa ba. Wannan ai koyarwa ce tun kafin a kira shi malami. Jarumin wasan kuwa gurbinsa kaɗai ya sani.

Akwai kuma waɗanda basu bi ko ɗaya cikin hanyoyin nan ba. Malaman hip-hop na farko a titi da fagen gasa suka koya, na rawar gargajiya a hannun manya suka gada, babu satifiket, shaidarsu itace wa ya koya maka kuma su waye suka yarda da kai. Wasu kuma suka haɗa biyun, Katherine Dunham nazarin al'adun ɗan Adam ta karanta a jami'ar Shikago, ta je Haiti a tsakiyar shekarun 1930 ta zauna da masu rawar, ta dawo ta gina tsarin koyarwa da har yau ake bi. Germaine Acogny ta buɗe ɗakin koyar da rawarta a Dakar ta ƙasar Sanagal a 1968, ta jagoranci makarantar Mudra Afrique daga 1977 zuwa 1982, daga baya ta kafa École des Sables da 'yan rawa ke zuwa daga ko'ina.

Rayuwar aikin kanta kuma gara ki sani tun yanzu. Lokacin da mutane ke tashi daga aiki ke lokacin kike farawa, yamma da dare da ƙarshen mako, saboda sai an tashi daga makaranta yara ke zuwa. Kaɗan ne ke da albashi ɗaya daga wuri ɗaya, yawanci faci-faci ne, aji nan, aji can, tsara rawar wasan ƙarshen shekara, darasin mutum ɗaya, shirya ɗalibai jarrabawa ko gwajin shiga makaranta, in hutu ya zo kuɗi su tafi hutu su ma. In kika buɗe taki makarantar to rabin lokacinki ba rawa bane, haya ce da lissafi da kayan sawa da iyayen da ke son sanin dalilin da yasa ba'a sa 'yarsu a layin gaba ba. Jiki kuma baya daina biyan bashi, malami na nuna motsi ba tare da ya ɗumama jiki ba, a ɓari ɗaya kullum, sau talatin a rana, gwiwata ta hagu shaida ce. Sai da na koyi koyarwa da baki da ido, in sa ɗalibi ya nuna ni in gyara, kuma abun mamaki sai ajin ya fi kyau, sabida sun daina kallona sun fara jin jikinsu.

Da ni ce ke, ga abun da zan yi. In nemi malamin da na ga ɗalibansa na ci gaba, ba wanda ya fi mabiya a Instagram ba, in roƙi in zama mataimakiyarsa ko da shekara ɗaya ce, in tsaya a bayan aji ina kallon abun da yake gyarawa da abun da yake ƙyalewa sai wani satin, dan sanin abun da za'a ƙyale ɗin ya fi wuya. A lokaci guda in fara satifiket ɗin da ake mutuntawa a inda nake son aiki, in karanci sassan jiki da gaske ba na cin jarrabawa ba, in koyi karanta kiɗa ko da sama-sama ne dan in iya magana da mai fiyano. Kuma kar ki bar dandamali gaba ɗaya, ƙananan wasanni ma sun isa, in ɗalibanki manya ne masu shirin shiga sana'ar suna buƙatar wanda ya san yadda ake tsayawa a layin gwaji da lamba a ƙirji a sallame ka cikin minti biyu. Nan kam gaskiya tsohon ɗan wasa ya fi ki, kuma makarantun da ke horar da ƙwararru zasu ci gaba da fifita shi a ajin shekarar ƙarshe, wannan ba zalunci bane. Amma ajin yara da matasa da masu farawa, wanda shine mafi yawan aikin da ke akwai, ƙofarsa a buɗe take gareki.

Mu in zamu ɗauki malami, bayan an gama hira sai mu bashi aji na minti talatin, 'yan shekara tara zuwa goma, kuma da gangan muke haɗawa da yaro ɗaya da ke rikita dama da hagu da wata da ta fi kowa iyawa kuma ta san ta fi. Ni ko kallon ƙafar malamin bana yi, ina zaune a kusurwa ina lura ko ya riƙe sunayensu, sau nawa ya juya ma madubi baya ya kalli yaran, kuma in bayaninsa na farko bai shiga ba yana da na biyu ko maimaita na farkon zai yi da ƙarfi kamar yadda nayi a ajina na farko. Ta ƙarshe da muka ɗauka a haka shekararta 26, bata taɓa yin wasan da aka biyata ba.